Gwaggo Luba da Sunan da Ya Kusa Ɓacewa a Gindin Shafi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka raka Gwaggo Luba makwancinta a Bodinga. Ƙanwar mahaifina ce, kuma ita ta buga mini kundin digirina da tafireta. A duk tsawon shekarun nan ban taɓa rubuta layi ɗaya a kanta ba, ni da ba na barin wani babban malami ya kwanta dama ban cika wannan fili na jarida da yabonsa ba. Bana na ce abin ya isa haka. Akwai hakkinta a wuyana, kuma kafin in ajiye alƙalami zan faɗi ko wane iri ne.

Karatunta na boko bai wuce firamare ba, sai 'yan watanni da ta yi a Sakkwato tana koyon buga tafireta. Ta yi aikin ofis har ta yi ritaya. Da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu, ta sa aka gyara mata ɗan shagon da ke jikin zaure, ta kafa tebur da kujera da benci ɗaya na baƙi. Ɗalibai kan tsallake masu buga takardu na cikin birni su hau mota su zo Bodinga wurinta, domin labari ya bazu cewa aikin da ta buga ba ya dawowa daga hannun malami da jan biro a ƙasan shafi. Ba ta da fara'a ga mai gaggawa. Amma duk wanda ya zauna a bencin nan sai ya sha fura kafin ya tashi. Ni kuwa ba ta taɓa kiran sunana ba, saboda sunan mahaifinta aka sa mini. Maisuna take ce mini, har ranar da muka rabu.

Bari in ɗan yi bayani saboda wanda bai taɓa shiga wannan wahala ba. Idan mai bincike ya kawo maganar da ba tasa ba, yakan sa ƙaramar lamba a ƙarshenta. Can ƙasan shafin sai a ja layi, a maimaita lambar, a faɗi wanda ya yi maganar da littafinsa da shafin da take. Idan kuma daga bakin mutum aka ji, a faɗi sunansa da garinsu da ranar da aka zauna da shi. Gwaggo gindin shafi take kiran wurin nan. A tafireta aiki ne mai cin rai, don tun kafin ka buga kalmar farko dole ka san layi nawa za ka bari a ƙasa. Takan ƙirga, ta ɗiga alama da fensir a gefen takarda, sannan ta jera takarda uku da kabon biyu a tsakani don bugu ɗaya ya fitar da kwafi uku. In ta zo wurin lamba sai ta murɗa abin naɗin takardar kaɗan don lambar ta ɗago sama da layi. In lissafi ya kuskure, duka ukun sun tashi aiki.

Idan ɗalibi ya miƙa mata rubutunsa, ba ta fara duba sama. Gindin take fara karantawa. Na taɓa tambayarta dalili, ta dube ni ta saman tabarau.

"Kai da anka haihwa Bodinga? Mai sayen albasa sama yaka duba ko ƙasan buhu?"

Akwai wani littafin rubutu mai koren bango da take ajiyewa ƙarƙashin tafireta. A ciki ta tara gajerun kalmomin nan na Latin da masu bincike suka gada suke ta zubawa a gindin shafi, waɗanda har yau suke firgita ɗalibaina. Ba wanda ya koya mata su a aji. Duk malamin da ya shigo shagon sai ta tsare shi da tambaya, ta rubuta amsar da Hausarta. Ibid. ta fassara shi da "nan dai inda muka fito yanzun nan", wato abin da aka ambata a lambar da ke sama da wannan kai tsaye, ba wata can ba. Op. cit. ta ce "aikin wane da aka riga aka faɗa can baya, koma ka nemo", kuma tana ganin rowar tawada ce kawai ta sa aka ƙirƙiro shi. Cf. shi ne "gwada wannan da wancan ka gani". Et al. kuwa, wato "da sauransu", shi ne wanda ba sa ga maciji da juna. Duk lokacin da ta zo kansa sai ka ji ta buga haruffan da ƙarfi, tana mita cewa mutum biyar sun yi aiki an kira ɗaya, an cusa huɗu cikin ɗigo.

Yanzu da ni ma nake duba kundayen ɗalibai a wata kwaleji a Sakkwato, nakan tambayi kaina abin da za ta ce in ta leƙo ofishina. Na san kwamfuta za ta burge ta, ko da ba za ta nuna ba. Abin da take ɓata rabin wuni tana ƙirgawa da fensir, yau na'ura ke yi kafin ka ƙifta ido. Ka cusa sabuwar lamba a tsakiya, sauran su gyara kansu da kansu. Sai dai na tabbata ba za ta yi minti biyar ba za ta gano inda gizo ke saƙar. Na'ura tana gyara lamba, amma ibid. ɗin da ka rubuta da hannunka yana nan inda ka bar shi, yana nuna duk wanda ya tsinci kansa a samansa. Wannan darasi ba a littafi na koye shi ba. A shagonta na koye shi, kuma da kunya.

Kundina a kan rijiyoyi da wuraren shayar da dabbobi ne tsakanin Bodinga da Shagari. A wani ƙauye bayan Shagari aka haɗa ni da wani tsoho da ake kira Bube Mai Rijiya, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana gina rijiyoyi. Wuni biyu na yi a gindin bishiyar ƙofar gidansa. Ya gaya mini yadda yake gane wurin da ruwa ke kusa daga irin ciyawar da ke tsirowa. Ya gaya mini yadda aka raba lokaci a bakin rijiyarsu tun zamanin kakanni, mata da hantsi, shanu bayan azahar, da yadda makiyayi kan bar igiyarsa a kan gungume, kowa ya san layinsa ne ba mai taɓawa. Ya ce duk rijiyar da ya gina, ranar da aka kai ga ruwa shi ba ya fara sha, mai gida ma ba ya fara sha. Gugan farko na baƙo ne, ko mutum ko dabba, duk wanda Allah ya fara kawowa.

Da zan tafi ya riƙe mini hannu, ya ce, "To ɗana, in ka rubuta wanga abu, wa za a ce ya hwaɗi?"

Na ce, "Kai mana, Baba."

"Da sunana?"

"Da sunanka."

Sai ya ce, "Rijiyoyin da nig gina sun hi ashirin. Ga ta Hakimi, ga ta Alhaji wane, ga ta masallaci. Wanda yas sa a gina aka sani, ba wanda yash shiga rami ba."

Na yi masa alkawari har da rantsuwa, irin ta yaron da bai san nauyin abin da yake ɗauka ba. Kuma da farko na cika. A babi na uku, lamba ta sha huɗu ta ce hira da Bube, sannan lambobi shida da ke biye duk ibid., ma'ana duk daga bakinsa. Sai malamin da ke duba aikina ya rubuta da jan biro cewa in ƙarfafa wurin da wani littafi. Na je laburare na samo littafin wani Bature da ya yi rubutu kan kiwo, na tsinci jimla ɗaya da ta dace, na cusa ta nan bayan ta sha huɗu, na ba ta lambarta. Na bi sauran lambobin na gyara ɗaya bayan ɗaya ina jin kaina gwani. Ibid. ɗin nan shida kuwa ban ko kalle su ba. Ban lura ba cewa yanzu Bature ne a samansu. Ciyawar da ke nuna ruwa, igiyar makiyayi, gugan baƙo, duk sun koma nasa. Abin da ya rage wa Bube jimla ɗaya ce, wadda ta faɗi inda rijiyar take.

Saura kwana uku a rufe karɓar kundi. Ina zaune a benci ina kaɗa ƙafa, ina jin daɗin ƙarar tafireta, sai na ji ta tsaya. Gwaggo ta riga ta buga shafi huɗu na babin. Ta ɗaga rubutuna kusa da ido, ta koma baya, ta sake dawowa.

"Maisuna, taho nan. Wanga Bature, yaushe yaz zo Shagari har yas sha ruwan rijiyag ga?"

Na ce ban gane ba.

"Ibid shida jere, babu lambar shahi ko guda. Littahi yana da shahi. Abin da ba shi da shahi bakin mutum na. To bakin wa kaɗ ɗauke ka ba wanga?"

Na duba, na gane. Amma maimakon in ce na tuba, sai na shiga kare kaina. Na ce lokaci ya ƙure. Na ce ba mai karanta gindin shafi, ko malaman ma ido kawai suke wucewa da shi. Sannan na faɗi maganar da har yau in na tuna nake jin zafi a fuska. Na ce ai ma ya fi kyau a ga Bature ne ya faɗa, za a fi ɗaukar maganar da daraja. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Ta cire tabarau ta ninke, ta ce tsoho ya ba ni ruwa na sha, ni kuma zan kai wa wani godiya. Ta zare takardun uku daga tafireta, ta haɗa da sauran da ta gama, ta kife su a gefe.

Ashe ba a nan za ta tsaya ba. Ta ce in kawo cikakken sunansa da sunan mahaifinsa da shekarunsa da ranar da muka zauna. Ranar kawai nake da ita. Suna kuwa, Bube na rubuta ba ƙari. Ta ce Bube nawa ne a ƙasar Shagari, in wani ya tashi nemansa bayan shekara talatin ƙofar wa zai buga? Washegari da safe ta rufe shago, ta yafa mayafinta na zuwa suna, ta tasa ni gaba zuwa tasha. Zomo ba ya kamuwa daga zaune, in ji ta. Mota ta sauke mu Shagari. Na tsayar da kabu-kabu ta ce ita ba ta hawa bayan ɗan kowa, don haka muka taka a ƙafa ta cikin gonakin gero, ita a gaba da ciwon gwiwarta, ni a baya ina ƙunƙuni ina lissafin sa'o'in da ke tafiya.

Sun daɗe suna gaisawa da tsohon kamar sun san juna, har da tambayar dabbobi da damina. Sannan ta ciro koren littafinta ta tambaye shi cikin ladabi, shi kuma ya gyara zama ya ba da amsa kamar mai ba da shaida gaban alƙali. Abubakar ɗan Mamman. Shekaru bai sani ba, amma ya ce yana da wayo lokacin da fara ta cinye musu gero shekara biyu a jere. Ta yi nata lissafin ta rubuta kimanin tamanin. Ba ta gaya masa abin da na yi ba. Ta ce kawai aikin takarda ne ba ya son kuskure. Wannan rufin asiri ya fi duka zafi a wurina.

Wuni biyun da suka rage ta sake buga babin daga farko. Daga gari ya waye har rana ta yi sanyi ba ta tashi sai don salla. Na ga tana tsoma yatsunta cikin ruwan ɗumi tsakanin shafi da shafi. Da na ɗauki shafin farko da ta gama sai na ga babu ibid. ko ɗaya. A kowace lamba ta buga sunan tsohon. Na ce, Gwaggo, ai ƙa'ida ta yarda a taƙaita. Ba ta ɗago kai ba ta ce ƙa'ida cewa ta yi ana iyawa, ba ta ce dole ba. Ta kuma ƙara kabon na uku a shafukan nan, aka samu kwafi na huɗu, dishi-dishi amma yana karantuwa. Ta ce wannan na mai shi ne.

Bayan an gama jarrabawa na kai masa. Bai iya karatun boko ba, sai ya ba ni yatsansa ya ce in ɗora a kan sunan. Na ɗora. Na matsar zuwa na biyu, da na uku, na juya shafi. Yana ƙirgawa a hankali. Da muka kai ƙarshe ya ce, "Ashe har bakwai." Ya yi dariya har da tari, ya ƙwala wa matarsa kira ta zo ta gani, ita ma da ba ta iya karatun ba. Da na dawo na ba Gwaggo labari, cewa kawai ta yi, "To, madalla," ta ci gaba da aikinta. Amma ranar ta ƙara mini nono a fura.

Da tana raye yau, ban san yadda za ta yi da zamanin nan ba. Saƙo yana yawo a waya, an ce wani malami ya ce, an ce likitoci sun gano, ba wane ba ɗan wane. Bara wani ɗalibina ya kawo mini babi mai gindin shafi tsaf-tsaf, sunaye da shekaru da lambobin shafi ba abin da ya rage. Na nemi littattafan na rasa, ashe manhaja ce ta ƙaga masa su, babu su a duniya. Da ita ce, ina jin ba za ta yi dogon wa'azi ba. Za ta tasa shi gaba ne zuwa laburare ta ce ya nuna mata. Na ji an ce masu tsara ƙa'idojin rubutu da yawa yanzu sun fi son a maimaita suna a taƙaice maimakon ibid., saboda irin kuskuren da na yi. Na yi murmushi da na ji haka. Wata tsohuwa a Bodinga ta riga su da shekaru, ba tare da ta kira taro ba.

Saura in faɗi hakkin da na ambata. Bayan sadakar arba'in, 'yarta ta kawo mini tafiretar da koren littafin, ta ce ni ne zan san amfaninsu. Na zauna ina buɗawa ina dariya ni kaɗai, ina jin muryarta a kowace fassara. Da na zo kan et al. sai na ga abin da na sani, "da sauransu". A ƙarƙashinsa kuma, da wata tawada daban, ta ƙara layi ɗaya: "masu aikin da ba a kira." Ban san ranar da ta rubuta shi ba, kuma ba zan ce da ni take ba. Amma wani abu ya sa na tashi na sauko da kundina daga kan kanta, na buɗe shafin godiya, wanda rabon da in karanta shi tun ranar da na rubuta.

Na gode wa malamin da ya duba aikin, da cikakken sunansa da laƙabinsa. Na gode wa shugaban sashe. Na gode wa iyayena. Na gode wa abokai huɗu, har da wanda abin da ya yi mini bai wuce aron dutsen guga ba. Layin ƙarshe ya ce, da sauran waɗanda suka taimaka waɗanda wuri ba zai bari in ambata ba. Rabin shafin fari ne fat, ba komai a kai. Kuma ita ta buga shi. Da yatsun nan da take tsomawa a ruwan ɗumi, a makon da ta taka zuwa bayan Shagari don sunan wani ya zauna daidai, ta buga kanta cikin "da sauran", ta daidaita shi a tsakiyar shafi, ba kuskure ko na harafi ɗaya. Ba ta ce uffan ba, ba ranar ba, ba bayan nan ba. Gwaggo ba ta roƙon yabo wurin ɗan wanta, balle mai sunan ubanta. Na yi kuka ranar fiye da yadda na yi a maƙabarta. Da na sani ƙeya ce, a baya take.

Me ya rage nata? Shagon ya zama wurin cajin waya. Tafiretar tana ɗakina, wasu haruffan sun cije. Bube ya daɗe da rasuwa, rijiyarsa an rufe bakinta tun da aka yi musu famfo mai aiki da hasken rana, amma da na bi ta ƙauyen bara 'yarsa ta ciro mini shafukan nan daga cikin adaka, naɗe a leda, kabon ya kusa gogewa. Jikokinsa da ke makaranta su ke karanta mata sunan. Ɗalibaina kuma, na sani, Malam Wa-ya-faɗa suke kirana a bayan ido, saboda ba na barin jimla ta wuce ban tambayi mai ita ba. Suna tsammani halina ne. Ba nawa ba ne, aro na yi, kuma shekara da shekaru ina amfani da shi ban faɗi inda na samo ba.

Na san jarida ba ta saba da lamba a ƙasan shafi ba. Na roƙi edita ya yi mini alfarma sau ɗaya, ya bar wannan yadda na sa shi, kada ya taƙaita, kada ya ce wuri bai isa ba. Duk abin da kuka karanta a sama mai amfani, ga inda na ji shi.¹

¹ Lubabatu 'yar Malam Usman, wadda ake kira Gwaggo Luba, mai buga tafireta, Bodinga. Daga bakinta, a shagonta, tsawon shekarun da Allah ya ara mana ita. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ya kira ta da sunanta cikin bayinsa na gari.